Tukunyar Masahudu Ba Ta Tafasa

Kafin Masahudu ya zo Doha mai shayi ne a bakin tasha a Zariya, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya san dokokinsa guda biyu. Ta farko, ruwan da bai tafasa ba ba ya shiga kofin mutum. Direba ya yi ta danna hon, fasinja ya yi ta kumfar baki, sai buta ta yi kuka murfinta ya yi rawa sannan zai zuba. “Abin da bai tafasa ba ɗanye ne,” in ji shi, “ko da ya sale maka harshe.” Ta biyu, ba ya sayar da kwantai. Shayin da ya kwana na kwata ne, ba na cikin ɗan Adam ba.

Da wannan aƙida ya sauka Katar, furfura ta riga ta fara cin gemunsa. Kamfanin gadi ya ba shi inifom da takalmi mai nauyi, ya tsayar da shi a ƙofar wani dogon bene a West Bay. Kwana kuwa a Fereej Abdel Aziz, a wani tsohon gini saman shagon gyaran waya, ɗaki mai gadaje hawa biyu da na'urar sanyi mai tari kamar tsohon mashayin taba. Saboda furfurar nan 'yan ɗaki suka sa masa Baba.

Mutum biyu ne labarinsa ba ya tafiya ban da su. Akwai Dogara, Bakano, direban bas ɗin da ke kwasar masu gadi, wanda in bai tsokani Bazazzagi ba ranar ba ta yi masa daɗi. Akwai kuma Uwais, mutumin Zangon Kumasi, mai gadi kamar Masahudu, dogo, shiru-shiru, yana da 'yan biyu a gida da tsayuwarsa ke riƙe da karatunsu. Hausar Uwais ba ta san mace ba. Mota ya zo, riga ya yage, har matarsa in ta yi waya sai ka ji ya ce, “Ya ce yana gaishe ku.”

Da korona ta shigo, harisin gidan, wato mai kula da ginin, ya sa wa kicin kwaɗo daga isha'i har hantsi, wai don kada a cunkushe. Risho da tukunyar gas dama an hana su a ɗaki. Butar lantarki ma an bi ɗaki-ɗaki an kwashe tun ranar da ta wasu ta narkar da waya. Bas kuwa da an sallame asuba take tsayawa a ƙofa. Saboda haka karin kumallo ya koma busasshen kubus, wato burodin Larabawa, da karak, shayin nan mai kauri da ake saya a tsaye a bakin hanya.

Kowa ya jure ban da Uwais, don yana da olsa. Karak in ya shiga cikinsa kamar an zuba garwashi, kubus kuma dawowa yake yi. Ya koma fita ba ya cin komai. Wata rana da hantsi yana tsaye a bakin aikinsa sai ƙasa ta juya, aka tsince shi a kwance. Likita ya ce kada ya kuskura ya sake fita da yunwa, ya samu abu mai ɗumi mai laushi, ba yaji ba maiƙo. Sufabaiza kuwa nasa bayanin ya fi gajarta.

“Faɗuwa ɗaya tsautsayi ne,” ya ce. “Ta biyu, khalas, shi ke nan, tikitinka na komawa gida.”

Wannan magana ta hana Masahudu sakat. Shi da ya ciyar da rabin tasha kowace safiya, ga mutum yana ramewa a gadon da ke ƙasan nasa, ya rasa ruwan zafin da zai dama masa ko kamu.

A kwanakin ne Turawan benensa suka fara haɗa kaya suna komawa ƙasashensu. Wata Baturiya da yakan taya ɗaukar kaya ta sauko da kwali ta ajiye a gabansa. Ta yi dogon bayani a cikin takunkumi, da Turancin nan mai fita ta hanci, abin da ya kama kawai shi ne na karin kumallo ne. Ya ce na gode, ta yi gaba.

Bayan isha'i ya buɗe kwalin a tsakar ɗaki. Tukunyar lantarki ce mai murfin gilashi, cikinta wani kasko mai nauyi kamar tukunyar ƙasa, rubutun jikin makunninta duk ya goge. Sai gwangwanaye cike da wani hatsi barzajje.

Dogara ya ɗiba ya murza a tafinsa. “Baba, wannan ai tsakin kaji ne. Baturiya ta gane ka. Ta ga Bazazzagi ta ce bari ta ba shi abincin 'yan tsaki.”

“Kai dai tuƙi ka iya. Uwais, karanta min.”

“Ots ne, Baba. Amma ba mai faɗin nan da ake zuba wa ruwan zafi ba. Wannan barza shi aka yi.”

“To kunun tsaki ke nan. Wanda ya tashi a Zariya ba a koya masa kunun tsaki.”

Ya zuba hatsi, ya zuba ruwa, ya jona a soket ɗin da ke bayan akwatin Dogara, ya murɗa makunni. Wata 'yar fitila ja ta kama. Ya tsuguna yana jiran kuka. Shiru. Ya kara kunne. Shiru. Ya taɓa gefenta ya ji ɗumi kamar na goshin mai zazzaɓi, ruwan kuwa kwance yake ko motsi.

“Baba,” in ji Uwais daga kan gado, “tukunya ya mutu.”

“Ta mutu,” Dogara ya gyara masa. “Kai ko a mutuwa ba ka ba mace haƙƙinta. Baba, an ce mai haƙuri kan dafa dutse, amma ba a ce a wannan tukunyar ba. Tashi ka kwanta.”

Masahudu ya ja tsaki, ya tura ta lungu da ƙafa, ya ce gobe bola za ta kwana. Haushi ya hana shi tuna wayar da ke bayan akwati.

Ƙamshi ne ya tashe su, kafin ladan ya kai inda yake cewa kowa ya yi salla a gidansa, don lokacin masallatai a rufe suke. Ƙamshi ne irin na gidan da aka yi haihuwa, mai ɗumi, mai cika ɗaki a hankali. Masahudu ya diro daga gado ya bi hancinsa har lungu. Murfin gilashin ya yi gumi. Da ya ɗaga, tururi ya doki fuskarsa. Tsakin nan mai tauri kamar tsakuwa ya kumbura ya fashe ya yi luɓus, ya haɗe da ruwan ya zama kunu mai kauri, gefensa yana ɗagawa yana sauka a hankali kamar cikin jariri mai barci.

“Ikon Allah,” ya ce. Ya sake cewa, “Ikon Allah.”

Dogara ya leƙo ya ja da baya. “A'uzu billahi. Kada kowa ya taɓa. Ba wuta, ba muciya, kowa na minshari. Wa ya dafa? Ku tambayi kanku wa ya dafa.”

Shi kuwa Masahudu abin da ke damunsa ya fi aljanun Dogara. Ga abu a gabansa ya karya dokokinsa biyu a tashi ɗaya: bai tafasa ba, kuma ya kwana. Ga kuma Uwais zaune a bakin gado, hannu a ciki, idonsa a kan tukunya.

“Baba, ba ni kaɗan.”

“A'a. Abin da ban sha ba ba zan ɗura maka ba. In zai kashe wani, ya fara da tsoho.”

Ya cika kofi ya yi bisimilla ya shanye. Wunin ranar yana tsaye a ƙofar bene yana sauraron cikinsa kamar mai jiran sammaci. Hantsi ya yi, ba murɗa. Azahar ta yi, ko yunwa bai ji ba. A tsayuwar nan ya warware wa kansa matsalar, ya dawo da ita da yamma kamar wanda ya ci shari'a.

“Dogara, mene ne kwantai?”

“Abin da ya kwana mana.”

“Mai gadin dare fa, in ya dawo da safe, kwana ya yi?”

“Wa zai bar shi ya kwana? Aiki ya yi.”

“To wannan ma ba kwana ya yi ba. Kwantai shi ne wanda aka gama aka yar ya huce. Wannan tun isha'i yake bakin aiki. Aikin dare ya yi, irin namu.”

“Tafasar fa?”

Masahudu ya shafa gemu. Daga baya, da yake ba ni labarin nan, ya gaya min wannan ce ta fi yi masa ciwo, don shekarun da ya yi yana gadin buta ya ɗauka kuka da rawar murfi su ne dahuwa. “Ashe,” ya ce wa Dogara, “akwai mai yin aiki ba ya ihu. Ba kowa ne Bakano ba.”

Washegari da asuba Uwais ya sha rabin kofi. Aka zuba masa ido. Ya zauna, ya yi gyatsa, ya miƙo kofin a ƙara. Ranar ya je aiki ya dawo da ƙafarsa, fuskarsa da ruwa.

“Baba, kokon nan ya yi daɗi.”

“Kunu.”

“A wurinmu koko ne.”

“A wurinku mota ma namiji ce. Sha ka yi shiru.”

Daga nan Masahudu ya shiga koyon tukunyar kamar yadda ake koyon halin sabon maƙwabci. Ya gane ruwa sai ya ninka hatsi sau huɗu, in ba haka ba gari ya waye a kan tuwo. Ya gane in bai shafe cikin kaskon da man shanu ba gefe yakan kama ya yi ƙanzo. Madara in ta kwana a ciki tsinkewa take yi, sai da safe ake zubawa. Dabino kuwa tun dare ake jefa shi, ya narke ya ɓace, har ba a neman sukari. Citta da barkono ya haramta saboda Uwais, sai ɗan gishiri da kanumfari ƙwaya ɗaya don ƙamshi. Da gwangwanayen Baturiya suka ƙare, Dogara, wanda zuwa lokacin ya daina maganar aljanu ya koma zuwa da babban kofi, ya yi gwaninta ya sayo mai faɗin nan. Da safe aka buɗe aka tarar da abin da cokali ya tsaya a ciki ƙyam.

“Madalla da Kanawa,” in ji Masahudu. “Ɗauki ka je ka manna fosta.”

Ranar hutunsa ya bi manyan kantuna ɗaya bayan ɗaya da tsohon gwangwani a hannu, yana nuna wa masu jera kaya, har ya samo barzajjen.

Saura haris. Ƙamshi ba ya ɓuya, don haka wata yamma ya faɗo ɗakin ba sallama ya nuna lungu. Masahudu ya ce bisimilla, ya zuba ruwa ya kunna masa. Haris ya tsaya ya harɗe hannu yana jiran tafasa. Ya kara kunne. Ya tsoma yatsa. Can ya girgiza kai cikin tausayi.

“Kharban,” ya ce, wato ta lalace. Ya dafa kafaɗar Masahudu kamar mai ta'aziyya ya fita.

Dogara sai da ya cusa filo a baki don kada dariyarsa ta dawo da mutumin.

Haka aka yi ta tafiya. Aka buɗe masallatai, aka cire wa kicin kwaɗo, aka yar da takunkumi, amma tukunyar ba ta daina aikin dare ba. Mutanen wasu ɗakuna suka fara tsayawa a ƙofa da kofunansu, har da 'yan Nepal. Masahudu ba ya hana kowa, sai dai ba wanda ake zuba wa kafin Uwais. Kumatun Uwais suka dawo, sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa. Sufabaiza bai manta da maganarsa ba, amma bai samu dalilin maimaita ta ba.

Sai ga gasar cin kofin duniya. Doha ta cika ta batse, kamfani ya watsa masu gadinsa ko'ina. Aka mayar da Masahudu aikin dare a benensa. Uwais kuwa aka ɗauke shi zuwa wani masauki a Ain Khaled tare da waɗanda za su tsare filayen wasa, inda ake caje jaka a ƙofa, ko dutsen guga ba ya shiga. Abincin da ake raba musu shinkafa ce mai yaji da maiƙo, tsayuwa kuma tun safe har a watse.

Masahudu ya sayi filas. Kafin ya tafi aiki ya ɗora tukunya, da asuba Dogara ya cika filas ya miƙa wa Uwais ta tagar bas in ya je kwasarsu. Aka yi kwanaki a haka lafiya lau.

Ranar da Ghana za ta kara da Koriya ta Kudu, Masahudu ya dawo da hantsi, ƙafafunsa sun kumbura, idonsa kamar an zuba yashi. Yana buɗe ƙofa ya ga filas a kan akwati, wayam, tukunya kuma cike. An kira Dogara tun kafin asuba an sauya masa hanya, ya fita a guje. Masahudu ya danna waya.

“Uwais, kana ina?”

“Filin wasa na Education City, Baba. Tun safe aka kawo mu.”

“Me ka ci?”

“Ba komai, Baba, zan iya. Yau Ghana yana wasa.”

“Na ce me ka ci?”

Ta cikin wayar Masahudu ya ji numfashin da ya sani, gajere, mai fita ta haƙori, irin na mutumin da ke danne ciki da hannu.

Bai cire takalmi ba. Ya zuba madara ya juya, ya cika filas, ya naɗe shi a tawul, ya nufi jirgin ƙasa. Ni dai duk lokacin da na tuna labarin nan, wannan tafiyar ce ke tsaya min a rai. Jirgi cike da mutanen da suka keto duniya saboda ƙwallo, 'yan Ghana sun shafe jiki da fenti suna dukan ganguna, 'yan Koriya jajaye kamar gauta, kowa na tsalle. A tsakiyarsu ga wani dattijo da inifom ɗin jiya, bai runtsa ba, ya rungume kunu a ƙirji yana kare shi da gwiwar hannu kamar mai ɗauke da jinjiri a kasuwa.

A shingen farko aka tsayar da shi. Shugaban masu gadin wurin wani Basudane ne, ƙato, baƙi wuluk, da rediyo a kafaɗa.

“Tikiti?”

Babu.

“Kati?”

Na wani bene ne a West Bay.

Basudanen ya nuna tawul. “Mamnu'. Ba a shiga da ruwa. Yalla, Hajji, koma.”

Larabcin Masahudu bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Ya haɗa da hannu, ya nuna ciki, ya kwatanta faɗuwa, ya ambaci sunan Uwais. Basudanen ya girgiza kai, mutane na turowa ta baya. Da Masahudu ya ga magana ta ƙare masa, sai ya warware tawul ya murɗe murfin filas. Tururi ya tashi tsakaninsu.

Mutumin ya sunkuyo ya shaƙa. Fuskarsa ta sauya.

“Madida?”

“Kunu.”

“Madida,” ya nace, a hankali, don sunan kunu ke nan a wurinsu. Ya dafa ƙirjinsa ya ce wani abu da Masahudu ya tsinci kalmar uwa a ciki, da kalmar mara lafiya.

Bai bar shi ya wuce ba, filas ma bai wuce ba, doka doka ce. Amma ya karkata kai ya yi magana a rediyo, ya sake yi da ƙarfi, ya tura wani yaronsa ya je ya riƙe wa Uwais wuri. Can sai ga Uwais yana ratso taro, ya ɗan ranƙwafa, leɓensa ya yi fari. Da ya hango furfurar nan a bayan shinge sai ya tsaya cak.

“Baba! Ba ka yi barci ba?”

“Barcin ubanka. Matso.”

Ya tsiyaya a murfin filas ya miƙa ta saman shinge. Uwais ya sha a tsaye. Masahudu ya sake cikawa, Uwais ya sha. A na uku ne kafaɗunsa suka sauka, ya ja dogon numfashi har ƙasan ciki. Basudanen ya juya musu baya yana kora mutane gaba, kamar bai ga komai ba.

“Sauran ka shanye shi da la'asar,” in ji Masahudu. Ya miƙa wa Basudanen filas ɗin, ya nuna Uwais, ya nuna rana. Mutumin ya karɓa ya tura ƙarƙashin teburinsa.

“Baba, tsaya ka ji ihu ko daga waje ne.”

“Ihun da na ji a jirgi ya ishe ni har Zariya. Koma bakin aikinka.”

Ya koma Fereej Abdel Aziz ya faɗi a gado da takalminsa. Bai san an fara wasa ba, bai san an gama ba. Waya ce ta tashe shi bayan magariba, hayaniya cike da ita kamar za ta fashe.

“Baba! Baba, mun ci! Uku da biyu!”

“Ka gani da idonka?”

“Ina! Bayana na ba fili. Amma na ji ƙasa yana rawa.”

“To na ji na Ghana. Kai fa?”

Uwais ya yi dariya, irin wadda ke fitowa daga cikin da ba ya ciwo.

“Ni ina tsaye, Baba. Har yanzu ina tsaye.”

Masahudu ya rufe ido ya yi hamdala a ransa. Sannan ya gyara murya.

“To madalla. Ka karɓo min filas wurin Basudanen nan, kuma ka wanke shi da ruwan zafi. Kada ka kawo min shi yana tsami.”